Jagorar Shugaban Aiki: Yadda Ake Haɗa Dattijo da Saurayi a Fadamun Dogarawa

Duk wanda Allah ya ɗora wa jagorancin mutanen da ke aiki tare a ƙasar Dogarawa, ko mai gandu ne da ƙanne da 'ya'ya a ƙarƙashinsa, ko shugaban ƙungiyar manoman albasa ne a Galmi, ko kuwa shi ke kula da masu lodin motoci a bakin babbar hanyar nan da ta taso daga Birnin Konni ta ratsa Tsarnawa da Malbaza ta nufi Madawa, ba zai daɗe a kan aikin ba sai ya gane cewa tsadar taki da zurfin ruwa da faɗuwar kasuwa duk masu sauƙi ne in aka gwada su da wahalar zaunar da mai shekara sittin da mai shekara ashirin a kan aiki guda, kowannensu ya fitar da abin da Allah ya hore masa, ba tare da ɗaya ya tashi da ɓacin rai ba. Domin irin wannan shugaba aka rubuta wannan bayani. An gina shi a kan noman albasa saboda ita ce sana'ar da ta fi tara manya da yara a wannan yanki, amma abin da ke ciki zai yi wa mai kula da ma'aikata a masana'antar siminti ta Malbaza amfani, haka nan mai kula da ɗakin majinyata a asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, ko shugaban wata makaranta a ƙasar Illela.

La'alla wani ya ce mu nan ba mu da wannan cuta, tunda har gobe yaro na tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida babba. Gaskiya ne, gaisuwa ba ta ɓace ba. Sai dai raini yana da hanyoyin da ba su bi ta gaisuwa. Akwai dattijon da za a shimfiɗa wa tabarma a inuwa, a ba shi goro, a ce Baba ya sa albarka, alhali kuwa tun daren jiya samari sun gama yanke shawarar a waya, ba abin da ake jira daga gare shi sai fatiha. Akwai kuma saurayin da shi ne ke tashi da asuba cikin sanyin hunturu ya tada injin ban-ruwa, shi ne ke ɗaukar buhun da nauyinsa ya haura kilo 100, amma ranar da aka sayar da albasa ba wanda zai gaya masa nawa aka sayar, in ya tambaya a ce yaushe aka haife shi. Na farko sai ya naɗe iliminsa ya zuba ido, na biyu kuwa sai ya nemi kuɗin mota ya tafi ci-rani Abijan ko Legas ko Libiya. Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba: rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Maris na 2021 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyu a duniya yana ɗauke da wani raini ga tsofaffi, kuma a ƙasashen Turai matasa ne suka fi kukan ana tauye su saboda shekarunsu. A ƙasa irin Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, masu furfura kuma 'yan kaɗan ne, asarar kowane ɓangare ta fi muni.

Ƙa'idar da komai zai hau kanta ita ce shugaba ya raba abu biyu da mutane suka saba cakuɗawa, wato girma da aiki. Girma haƙƙin shekaru ne, ba a jayayya a kansa: wurin zama, da gaisuwa, da fara sa hannu a akushi, da buɗe taro da addu'a, duk na babba ne ko da bai san komai a sana'ar ba. Amma aiki, da ikon magana a kan aikin, haƙƙin wanda ya sani ne, ko yaro ne ko babba. Wannan ba bidi'a ba ce da aka kwaso daga wani wuri. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa Usamatu ɗan Zaidu a kan runduna yana saurayi, a cikinta akwai manyan sahabbai, har wasu suka yi gunaguni. Kuma da Sayyidina Abubakar ya zama halifa sai ya zartar da naɗin, ya raka Usamatu a ƙasa shi kuwa Usamatu yana bisa abin hawa, sa'an nan ya nemi izninsa kafin ya riƙe Sayyidina Umar a Madina. Shi ma Umar a zamaninsa yakan shigar da Abdullahi ɗan Abbas majalisar dattawan Badar saboda fahimtarsa. In kuwa misalin gida ake so, ai a Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, ya fara wa'azi yana da kimanin shekara ashirin, kuma lokacin da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804 ɗansa Muhammadu Bello bai wuce shekara 23 ba, amma shi ya jagoranci cin Alƙalawa a 1808. Daga baya Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru a kan haɗin tsofaffin mata da 'yan matan da ba su yi aure ba, jaji, wato jagorarsu, na gaba da malfarta, su zo daga ƙauyuka su ɗauki karatu su mayar wa matan aure a gida. Shugaban da ya riƙe waɗannan misalai yana da hujjar da zai kare kansa da ita a gaban kowane dattijo.

Aikin farko shi ne ka san mutanenka, kuma ka ƙidaya su da yawan ranin da suka yi a fadama, ba da yawan shekarun haihuwa ba. Wannan ya fi muhimmanci a ƙasarmu fiye da wurare da yawa, saboda sha'anin ci-rani. Sau da yawa za ka ga mutum ya dawo gida da furfura bayan shekara talatin yana talla a bakin teku, ya san kuɗi, ya san halin 'yan kasuwar Akara da Kumasi, amma bai iya bambanta irin da ya isa dashe da wanda bai isa ba; a gefensa ga saurayi ɗan shekara 22 wanda tun yana ɗan bakwai yake bin ubansa fangali, ya ga rani goma sha biyar da idonsa. A sha'anin dashe wannan saurayi shi ne babba, a sha'anin ciniki kuwa wancan dattijo ne. Ka zauna da kowa shi kaɗai, ba a bainar jama'a ba, ka tambaye shi abin da ya fi iyawa, da abin da jikinsa ba ya so yanzu, da abin da yake sha'awar koya. Tambaya ta uku ita ce aka fi mantawa da yi wa dattawa, bisa zaton cewa tsoho ya gama koyo, alhali da yawansu suna so a nuna musu yadda ake aika murya a WhatsApp ko yadda ake karanta takardar da ke jikin kwalbar maganin ƙwari, kunya ce kawai ta hana su tambayar 'ya'yan cikinsu.

Daga nan sai haɗa mutane bibbiyu, babba da ƙarami, kuma a nan ne shugabanni da yawa suke tuntuɓe, domin abin da ya fi saurin zuwa a zuciya shi ne a haɗa uba da ɗansa. Wannan haɗi galibi ba ya haifar da koyo. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, balle ɗan fari wanda ko sunansa uban ba ya faɗa. Ɗan ba zai iya cewa Baba ka yi kuskure ba, uban kuma ba zai iya cewa ban sani ba. Sai su wuni a fangali guda ba su yi magana goma ba. Amma al'adarmu da kanta ta tanadi wasu dangantaka da harshe ke sakewa a cikinsu. Jika da kaka abokan wasa ne, yaro na iya ce wa kakansa tsoho ka ɓata layi a yi dariya, kuma gyaran ya shiga. Kawu ma yana da sassauci ga ɗan 'yar'uwarsa wanda uba ba shi da shi. Saboda haka in kana da zaɓi, ka ba saurayi kakansa, ko kawunsa, ko abokin ubansa, ko wani dattijo daga wata unguwa, ka kai ɗan wancan wurin wannan. Kuma ka bar haɗin ya yi rani guda cur, tun daga renon iri har zuwa rudu, wato rumbun ajiyar albasa, domin ilimin albasa ba ya shiga kai a mako ɗaya.

Yanzu sai rabon aikin kansa, kuma zai fi kyau a bi shi yadda albasa ke bi. Zaɓen iri aikin ido ne da daɗewa. Albasa 'yar Galmi, wadda sunanta ya kai kasuwannin Kwatano da Lome da Abijan, ba ta riƙe kamanninta da yajinta don kanta ba. Mutane ne suka riƙa ware kawunan da suka fi kyau kowace shekara, su adana su, su sake dasa su domin su yi fure su ba da iri, aikin da ke cin rani biyu. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana wannan zaɓe yana gane kan da ya gauraya da baƙon iri tun daga launin ɓawonsa da siffar wuyansa, kuma wajibi ne saurayinsa ya zauna kusa da shi yana miƙa masa kawunan yana tambayar dalilin karɓa da dalilin ƙi. Ka umurci dattijon ya riƙa faɗin dalilin da baki, domin masu sana'a da yawa hannunsu ya san abin da bakinsu bai saba faɗa ba. Renon iri bayan ɗaukewar damina, da sanin cewa ya isa cira bayan kwana arba'in ko fiye kaɗan, shi ma a hannun babba ya fi dacewa. Amma gyaran fangali, da dashe wanda ke sa mutum ya wuni a sunkuye, da jan tiyo, da tada inji da gyaransa in ya ƙi, waɗannan na masu ƙarfin baya ne, kuma zalunci ne a bar mai ciwon gwiwa yana yin su don kawai yana jin nauyin ya ce ya gaji.

Wurin da aka fi samun saɓani shi ne taki da yanke ruwa, kuma a nan, in za a faɗi gaskiya, galibi dattawa ne ke da rinjayen hujja. Saurayi yana son ya ga kai ya yi girma, buhu ya cika da wuri, sai ya yawaita farin takin zamani, ya ci gaba da ban-ruwa har kusa da cira. Albasar za ta fito ƙatuwa mai ban sha'awa, amma cike take da ruwa, wuyanta bai bushe ba, in ta shiga rudu ba za ta kai tsakiyar damina ba sai ta fara ruɓewa. Dattijo ya san cewa idan ganye ya fara kwantawa lokacin yanke ruwa ya yi, a bar ta mako ɗaya ko biyu ƙasa ta sha iska, a cire, a bar ta ta bushe a ƙarƙashin ganyenta kafin a ɗauka. Kuma ya san cewa ribar albasa ba a watan Maris ko Afrilu take ba, lokacin da kowa ya fito da tasa farashi ya faɗi, sai ga wanda ya iya riƙe ta watanni har ta yi wuya a kasuwa. Sai dai kada wannan ya sa a ce komai na babba daidai ne. A sha'anin maganin ɗan ƙwaron nan da ke ɓuya tsakanin ganye ya bar shi da fari-fari, saurayin da ya yi boko shi ne zai karanta adadin da za a zuba da kwanakin da za a jira kafin a ci, kuma sau da yawa dattijo yakan auna da ido ya wuce kima, ya fesa ba kariya a hanci. A nan maganar yaro ce za a bi, kuma kai shugaba ne za ka faɗi haka tun farko, a gaban kowa, don kada ranar fesawa ta zama ranar gardama.

Ciniki kuwa a haɗa su biyu a tura su tare. Saurayi zai buga waya ya ji farashin Tsarnawa da na Akara kafin dillali ya buɗe baki, zai kuma bi sawun kuɗin da aka aiko ta kamfanin Nita ko Al Izza. Dattijo zai san wane ɗan kasuwa ne ubansa ya taɓa cin bashi bai biya ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sani biyu, in ya tafi shi kaɗai, ana iya cutarsa.

Sha'anin taro yana bukatar siyasa ta musamman. In aka bi yadda aka saba, babba ya fara magana, to taro ya ƙare, domin ba saurayin kirki da zai tashi ya saɓa wa sa'an ubansa a gaban mutane; zai yi shiru, ya fita, ya aikata abin da ya ga dama. Dabarar ita ce a juya tsarin ba tare da an taɓa girman kowa ba. Dattijo mafi shekaru ya buɗe da addu'a. Kai shugaba ka kawo mas'alar ba tare da ka nuna inda ka karkata ba. Sa'an nan ka kira mafi ƙanƙanta da sunansa ya faɗi abin da ya gani, a riƙa hawa sama har a zo kan dattawa, su yi magana a ƙarshe. Dattawa ba za su ƙi wannan ba, domin maganar ƙarshe ita ma girma ce, kuma za su yi ta ne bayan sun ji abin da ba su sani ba. In samarin naka masu nauyin baki ne, ka bar su su zauna su kaɗai tukuna, su zaɓi wanda zai zama bakinsu, kamar yadda sarkin samari ya kasance tun zamanin gayya. Kuma duk mas'alar da ka san za ta saɓa wa ra'ayin wani babba, kada ka bari ya fara jin ta a taro. Ka je gidansa bayan sallar isha'i, ka zauna ƙasa, ka ce, “Baba, ga abin da yara suka kawo, ni kuma na ga kamar akwai maslaha a ciki, amma ban so a faɗe shi gobe ba ka ji ba.” Dattijon da aka yi wa haka, ko bai yarda ba, da wuya ya tsaya ya rushe maganar a gaban jama'a. Mata ma haka: tsofaffin da ke tsince albasa suna daka ganyenta su yi gabu, da 'yan matan da ke taya su, suna da abin faɗi a kan rana da lada, sai a nemi wata dattijuwa mai faɗa a ji ta kawo maganarsu.

Akwai kalmomin da ya kamata ka hana a wurin aikinka tun ranar farko, ka hana su daga ɓangare biyu daidai wa daida. Kada babba ya rufe bakin yaro da cewa yaro man kaza ne, ko ya jefa masa karin maganar nan ta abin da babba ya hango; in ya hango, ya faɗi abin da ya hango ɗin, a auna. Kada kuma yaro ya ce zamaninku ya wuce, ko ya yi wa dattijo dariya don ya kasa latsa waya.

In gardama ta ƙi ƙarewa a kan wata dabara ta noma, kada ka yanke ta da shekaru, kada kuma ka yanke ta da takardar makaranta. Ka ware fangali biyu maƙwabtan juna, a yi ɗaya yadda babba ya ce, ɗaya yadda yaro ya ce, a sa musu alama, a auna ranar cira, a sake aunawa bayan wata uku a rudu. Sharaɗin kawai shi ne a yi alkawari tun farko ba za a yi wa wanda bai dace ba gori. Ƙasar Illela ta ga fa'idar wannan hanya. A 1989 wani shiri na asusun FIDA ya kai wasu manoman yankin zuwa ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako ana zuba taki a ciki don su tare ruwan sama. Da suka dawo ba a tilasta wa kowa ba, 'yan kaɗan ne suka gwada a ɗan fili. Da shekarar ƙarancin ruwa ta biyo baya aka ga inda hatsi ya tsaya, sai wannan dabara da ake kira tassa ta bazu a Badagishiri da kewaye, har fakon da aka yasar ya koma abin saye da sayarwa. Aikin nan kuwa ba ya yiwuwa sai da haɗin nan da muke magana: mai gona da ya san yadda ruwa ke gangarowa a filinsa, da masu ƙarfin da za su sari ƙasa mai tauri da rani, ta hanyar gayya ko ƙwadago.

Duk wannan tsari banza ne in ba a gyara sha'anin kuɗi ba, domin nan ne saurayi ke gane ko da gaske ake. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun sharɗanta cewa ladan ijara ya zama sananne tun kafin a fara aiki, kuma a tarayyar da aka gina a kan aikin jiki, kowa ya ɗauki rabo gwargwadon aikinsa. To, “za mu gani in Allah ya kai mu” ba lada ba ne sananne, ko da uba ne ya faɗa wa ɗansa. Ka faɗi rabon kowa a gaban shaidu tun kafin a zuba iri. A gandu, ka ware wa kowane saurayi gamanarsa, fangali kaɗan waɗanda ribarsu tasa ce shi kaɗai, da ranar da zai yi musu aiki. A ƙungiya, ka sa ma'aji ya zama dattijon da aka yarda da amanarsa, magatakarda ya zama saurayi mai rubutu, kada kuɗi su fita sai da sanin su biyun, kuma bayan kowane ciniki a karanta littafin da ƙarfi, da Hausa, jika nawa ta shigo jika nawa ta fita, don wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa. Sa'an nan ka lissafa sani a matsayin aiki. Dattijon da ya wuni a zaune yana zaɓen iri, ko yana shiga rudu yana fitar da kan da ya fara laushi kafin ya ɓata 'yan'uwansa, ya yi aikin da ya cancanci rabo cikakke, ba sadaka ba. Haka nan saurayin da ya ƙone kuɗin wayarsa yana neman farashi, a mayar masa.

A ofis da masana'anta da asibiti al'amarin yakan zo a juye, a kawo mai shekara talatin da takardarsa a ɗora shi a kan mutanen da suka haife shi. In kai ne wannan saurayi, ka bar musu girmansu gaba ɗaya: kai za ka fara gaisuwa, ka kira su Baba ko Malam ko Alhaji ko Inna kamar yadda za ka yi a unguwa, ka miƙe in sun shigo. Watanka na farko ka yi shi kana tambaya, domin kowace na'ura da kowane ɗaki suna da tarihin da ba a rubuta ba. Amma umurnin aiki ka ba da shi a sarari, kada kunya ta sa ka riƙa kewaye-kewaye har a rasa abin da kake nufi, kuma in gyara ya kama ka kira mutum gefe, ku biyu. In kuwa kai ne dattijon da aka ɗora wa yaro, ka tuna wanda ya raka Usamatu a ƙasa.

Saura mas'alar da kowa ke gudu, wato ranar da ƙarfi ko ido ya fara ja baya, da ranar da ya kamata babba ya sauka daga kujera. Kada ka yanke wa mutum hukunci da shekarunsa. Akwai mai saba'in da ya fi mai hamsin kuzari. Ka duba aikin, in ya fara raguwa ka tambaye shi wanne yake so ya riƙe wanne zai saki, ka matsar da shi daga ɗauka zuwa dubawa, daga rana zuwa inuwa, ba tare da rabonsa ya faɗi faɗuwar wulaƙanci ba. Game da kujera kuwa, waɗanda suka ga zamanin Janar Seyni Kountche, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987 ya kuma farfaɗo da ƙungiyar Samariya, za su tuna cewa ba abin mamaki ba ne a ga sarkin samari da furfura. Maganin wannan shi ne a rubuta wa'adin kowane muƙami tun ranar kafa ƙungiya, lokacin da ba wanda ya san a kan wa zai faɗa, kuma kowane mai muƙami a ba shi mataimaki daga ɗaya ɓangaren. A raninsa na ƙarshe sai su yi musanya, mataimaki ya riƙe aikin, shi kuma ya zauna kusa yana dubawa, daga nan ya koma cikin dattawan da ake kai wa saɓani su sasanta.

Lokacin yin wannan zama duka, da rabon fangali, da faɗin lada, da haɗa mutane bibbiyu, shi ne kafin a gama yankan gero, wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Da zarar damma sun shiga rumbu samari sun riga sun yanke ko za su tsaya ko za su tafi, wasu ma sun karɓi kuɗin mota daga 'yan'uwansu da ke bakin teku, kuma wanda ya kira taro a watan Nuwamba sai ya tarar rabin waɗanda zai raba wa fangalin sun tsallaka iyaka ta Konni.